Goge Ta Tsaf

Daga shago, Litinin

Taubashiyata, Malama Tabarau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma bai ƙarasa cinye miki idanu ba. Mu nan lafiya lau. Ummanki ta sami sauƙin ƙafarta, har tana takowa shago da kanta. Goggonki, wato tsohuwata, tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ke littafi kike ci ki kora da tawada.

Na kira wayarki har yatsana ya yi kanta. Umma ta ce in ƙyale ki, tun ranar da wayar ta kai miki rasuwar Kawu ba ki ƙara ɗaukar kiran gida ba. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na koma takarda, direban da ke kai kaya wajenku zai miƙa miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni ɗan allo ne, ɗan bokon nan ma Kawu mahaifinki ne ya ɗura mini shi a shagon nan da ranƙwashi.

Umma ta ce ba za a rufe shago ba. Makarantu biyun da Kawu ke buga wa takardun jarrabawa sun ce za su ci gaba da mu in za mu iya. An sayo kwamfutoci biyu na hannu daga wani ofis da ya tashi, da sabuwar firinta. Sai dai wayam suke, ba komai a cikinsu. Mai gyara ya ce sai an zuba musu babbar manhajar da ke tuƙa su, ita kuma sai da lasisi.

Ya zaunar da ni ya yi mini darasu. Wai akwai lasisin da ake ɗaura wa na'ura, ranar da ta mutu ya mutu tare da ita. Akwai mai bin mutum, in na'ura ta mutu ka ɗauke abinka ka kai wata. Akwai wata manhajar ta kyauta da ba ta neman lasisi, amma sai mun sake koyon aiki daga baƙi. Sai ya leƙa ƙofa, ya rage murya, ya ce akwai kuma na ɓarauniyar hanya, zai sa mana yanzu-yanzu ba mai ji. Na ce masa ya dakata, muna da malama a gidanmu, tabaraunta kaɗai ya fi shi karatu. To ki zaɓa mana.

Akwai wani abu kuma. Na so in bar shi, hannuna ya ƙi.

Tsohuwar kwamfutar Kawu, ta lungun taga, wata biyu ke nan ba wanda ya taɓa ta. Ranar Asabar na kunna ta don in nemo wa wani malami takardarsa. Ina cikin nema ta yi wata 'yar ƙara, sai wani ɗan akwati ya fito tsakiyar allon. Na matsa na karanta: "Karfe goma. Ka sha magani." Na dubi agogon bango, goma daidai. Taubashiya, Hausar Kawu ce, har da yadda ba ya sa wa harafi ƙugiya. Na waiga. Kujerarsa tana nan da ramin da ya bari a katifarta. Yau ma na kunna, yau ma ya fito.

Ki gaya mini mene ne wannan.

Ɗan Goggonki, wanda ya fi ki kyau

*

Daga makaranta, Lahadi

Ɗan Goggo,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na gode. Ina lafiya, sai 'yar mura. Ka gaishe da Umma da Goggo, ka ce wa Umma ta daina tafiyar ƙasa, ta hau mota. Rubutunka ya yi kyau, na sha wuya ne kawai a wuri bakwai.

Ka karanta wannan a tsanake, kar ka tsallake layi kamar yadda ka saba.

Na ɓarauniyar hanya, ko kyauta ya ba ku kar ku karɓa. Wata rana za ta tsaya muku kuna tsakiyar jarrabawar mutane, ko ta shigo muku da cuta. Ta kyautar tana da kyau, ita nake amfani da ita, amma ba yanzu ba da aiki ya matso, kuma ba da kai a shagon ba.

Sababbin biyun, a sa musu mai mutuwa da na'ura. Da sauran ƙarfinsu, kuma ya fi sauƙi. Ka tsaya a kansa ya ba ka mabuɗin kowace, wasu haruffa ne da lambobi, ka kai wa Umma ta adana. Kowace na'ura a yi mata ƙofa biyu: ta mai gida, wadda ke iya sa abu da cire abu, da ta aiki. Kalmar sirrin ta mai gida Umma za ta riƙe. Kai ta aiki ta ishe ka, na san halinka.

Lasisi na uku ka sayi mai bin mutum saboda tsohuwar kwamfutar, don kwananta ya kusa ƙarewa, kar lasisi ya bi ta.

Maganar akwati kuma. Kai ne ka sa wa Baba ƙadangaren roba a aljihun tebur. Kai ne ka buga wa Umma takarda da hatimi wai an zaɓe ta shugabar masu ciwon ƙafa. Duk na yi dariya. Wannan ba abin dariya ba ne. Ka nemi wanda za ka yi wa wasa, ban da Baba, ban da ni. Ita tsohuwar kwamfutar ka goge ta tsaf, ka rufe ta, kar in ƙara jin maganarta.

Taubashiyarka

*

Daga shago, Juma'a

Malama,

Assalamu alaikum. Allah ya raba ki da mura. Umma ta ce ki sha ruwan ɗumi, ta kuma ce ba za ta hau mota ba, ƙafar tata ce. Tsohuwata lafiya.

An yi yadda kika ce. Mai gyara ya ɓata rai da na ƙi ɓarauniyar hanyarsa, ya ce ku 'yan boko wahalar da mutane kuke yi. Na ce masa ai ni na fi shi sani, tare muka tashi. Ya zuba wa sababbin manhaja, na tsaya a kansa kamar mai jiran gado har ya rubuto mabuɗan. Ɗaya mun sa mata suna Shago Ɗaya, ɗayar Shago Biyu. Umma ta zaɓi kalmar sirri, ta raɗa wa mai gyara a kunne, amma kin san raɗar Umma, har mai shayin tsallake ya ji. An sake wata. Firinta tana aiki da su kamar ruwa. Tsohuwar kwamfutar ce kaɗai ta ƙi gaisawa da ita, wai manhajarta ta tsufa. Lasisi na uku yana cikin ambulan a jakar Umma.

Yanzu ki saurare ni. Ƙadangare ni ne. Takardar Umma ni ne. Har wanda ba ki sani ba, gishirin da kika sha a shayi ranar da za ki tafi, ni ne. Amma wallahi, tallahi, akwatin nan ba ni ba ne. Ni da ban san inda ake shiga a yi shi ba. Mai gyara ya ce tunatarwa ce, mutum yana sa wa kansa don kar ya manta, na'ura kuma ba ta san an mutu ba. Ya faɗa yana dariya. Ni ban yi ba.

Ba ɗaya ba ne. Kullum nake kunna ta yanzu, in bar ta a kunne har a tashi. Talata: "Mai takarda zai zo. Ka kirga da kanka." Laraba da la'asar: "Ka sayo wa Umma man zafi." Asabar: "Ka kira Uwata." Kin san ba kakarmu yake nufi ba, ke ce mai sunanta.

Jiya Alhamis ƙafata ta gaji, na zauna a kujerarsa. Kin tuna Alhamis yake zuwa asibiti ya bar mini shago. Sha ɗaya daidai ta yi ƙarar nan. "Kai shakiyyi, na san kana kujerata. Tashi." Taubashiya, ban san lokacin da na kai bakin ƙofa ba. Wata mata da ta zo hoton takardu ta ce lafiya, na ce kunama ce. Da ta tafi na yi dariya har na riƙe ciki, sai kuma na ga ba dariya nake yi ba. Shekara nawa ina yi wa mutumin nan tsiya, ashe ya ɗana mini tasa ya tafi ya bar ta. Da yana raye ban taɓa gani ba, don in ya fita ni bacci nake a kujerar, ba na kunna komai.

Sai maganar gogewa. Na nuna wa mai gyara layin da kika rubuta, ya ce a wajensu goge na'ura shi ne a share duk abin da ke cikinta a zuba sabo, kuma tunda kin ce a sayi lasisi dominta, kin kuma ce kar ki ƙara jin maganarta, ai magana ta fito. Ni ma haka na karanta. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wace gogewa kike nufi? Umma tana son na'ura ta uku kafin jarrabawa, shi kuma mai gyara zai dawo ƙarshen wata. In ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka kin gama magana.

Kafin nan ina yin abin da na iya. A makarantarmu ba a wanke allo sai an haddace abin da ke kai. Duk wanda ya fito ina biya shi har ya zauna.

Ɗan Goggonki

*

Daga shago, Laraba

Taubashiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Direba ya rantse mini hannu da hannu ya ba ki takardata. Sau uku yana dawowa, sau uku ina tare shi tun bai kashe mota ba, har ya fara ce mini angon wasiƙa. Mu nan lafiya. Umma ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warware.

An goge ta. Shekaranjiya, Litinin.

Mai gyara ya kwashe takardun mutane da hotuna ya zuba a filashi, yana wajen Umma. Sauran ya ce tarkace ne. Ya tambaye ni sau biyu, na ce malama ta ce tsaf. Wani layi ya fito yana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama. Na ɗauka abin zai daɗe. Ko shayin da na aika a kawo masa bai huce ba.

Jiya goma ta yi ina tsaye ina haɗa takardu. Ba abin da ya yi ƙara, amma na ɗaga kai. Umma ma da ke bakin ƙofa ta ɗaga kai. Ashe tana ji duk kwanakin nan, ba ta taɓa ce mini komai ba. Muka dubi juna, ta mayar da kanta ƙasa ta ci gaba da jan carbi. Yau ma haka. Da akwatin yana fitowa tsoro nake ji. Yanzu da ba ya fitowa, shagon ya yi mini wani irin faɗi, kamar an fitar da kabad an bar shacinsa a bango.

Kuma aikin bai ƙare ba. Da aka zuba sabuwar manhajar aka sa mabuɗi, sai ta tsaya a wani shafi tana tambayar sunan mai ita. Na ce a sa Shago Uku. Mai gyara ya ce a'a, wannan lasisin mutum yake bi, gara a sa sunan mutum, wanda zai ɗauke shi in na'urar ta mutu. Umma ta ce ba nata ba. Ni ma na ce ba nawa ba. Na Kawu kuma ba wanda ya iya furtawa. Ya gaji da jiranmu ya ɗauki jakarsa.

Tana nan a lungun taga. Ko an kashe an kunna, shafin take komawa: fili fari, da ɗan sanda yana ƙiftawa a farkon layi. Jarrabawar makarantar farko da na'ura biyu muka buga ta, ashe za su iya.

Na bi umarninki. Ko tsiya ce ki aiko mini, na karɓa.

Ɗan Goggo

*

Daga makaranta, Asabar

Ɗan Goggo,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Allah ya ƙara wa Umma sauƙi.

Da tsumma nake nufi. Ka goge mata ƙura da tsumma, ka rufe ta da mayafinta, har in zo. Lasisin na ce ka saya ka ajiye, na ɗauka na rubuta haka, na duba kwafin da na bari na ga ban rubuta ba. Ni da na ce kar ka tsallake layi.

Takardarka ta Juma'a ban buɗe ta ba. Na ga rubutunka a bayan ambulan na jefa ta cikin akwatin kayana, ina fushi. Sai jiya da ta biyu ta zo na buɗe su tare. Na karanta tambayarka bayan na riga na karanta amsarta.

Kuma ban taɓa zaton kai ne ba. Ni na koya wa Baba sa tunatarwar nan, hutun da na zo na ƙarshe, don yana manta magani. Ya ce in zauna in nuna masa sauran, in kuma duba masa maganar sababbin na'urori da ya daɗe yana so. Na ce sai na dawo. Da ka rubuto ka ce akwati ya fito, na san ko mene ne tun kafin in kai ƙarshen layin. Na ce wasanka ne don ya fi mini sauƙi in yi fushi da kai. Ina so in zo in zauna ni kaɗai in buɗe su duka, har waɗanda ya sa wa watanni masu zuwa, don ana iya gani. Ban shirya ba ne kawai.

Ka tambayi mai gyara ko akwai dabara. Na san amsar, tunda an zuba sabo a kai, amma ka tambaya.

Ka ce ka haddace. Ka rubuto mini su duka, yadda ya rubuta, kar ka gyara masa ƙugiya ko ɗaya. Kuma ka gaya mini na ƙarshe da ya fito.

Ka yafe mini.

Taubashiyarka

*

Daga shago, Talata

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ban gaya wa Umma maganar tsumma ba, ke ma kar ki gaya mata. Babu neman yafiya tsakaninmu, ni ma da na ƙara mako ɗaya da ba a yi haka ba. Na karanta takardarki a tsaye, na je bayan firinta na ɗauko tsumman, yana nan inda yake kullum. Na goge ta tsaf. Ban san amfanin hakan ba, na dai yi.

Na tambayi mai gyara. Ya ce tunatarwa ba ta cikin abin da ya kwashe, a cikin tsohuwar manhajar take zaune, kuma an gina sabo a kanta. Ya ce in ba ki haƙuri. Wannan karon bai yi dariya ba.

Goma sha bakwai na haddace. Suna cikin ɗaya takardar da na haɗo miki, kowanne da ranarsa da lokacinsa, ban sa ƙugiya ko ɗaya ba, duk da hannuna yana ƙaiƙayi, shi Kawu da ya sha ranƙwashina a kanta alhali shi ba ya sa ta. Za ki ga yawanci magani ne da mai takarda da man zafi. Akwai wanda ya ce "Kifi" kawai, ranar Laraba. Na tambayi Umma da dabara, ita ma ba ta san na mene ne ba. Naki guda uku ne. Waɗanda ya sa wa watannin gaba kuwa ban gan su ba, ban san ana iya leƙawa ba. Ko nawa ne, ko me suka ce, sun tafi. Da rana in ina aiki sai in ji ina ƙirƙiro su da muryarsa, sai in yi a'uziyya in daina, kar wata rana in kasa raba nawa da nasa. Abin da na rubuto miki nasa ne zalla. Wannan karon ki yarda da ni.

Na sha takwas ban sa shi a takardar ba. Shi ne na ƙarshe, kuma na so in riƙe shi, amma kin tambaya.

Ranar Litinin ɗin, mai gyara ya zo da wuri. Ya gama kwashe takardu, ya fita ya amsa waya. Ni kaɗai ne a gabanta. Goma saura kwata ta yi ƙara, lokacin da ba ta saba ba. Sabo ne, ban taɓa ganinsa ba, da alama tun tuni ya sa shi ya jira ƙarshen wata. Ya ce: "Maganar lasisi. Kar a taba komai sai an tambayi Uwata."

Na daɗe a tsaye. Na ciro takardarki daga aljihu na sake karanta layin. Na ce a raina, Kawu, ai na tambaye ta, ga amsarta a hannuna. Mai gyara ya shigo ya ce mu je? Na danna akwatin ya tafi, na ce mu je.

Makaranta ta biyu za ta kawo nata aikin ranar Litinin, ya fi na farko yawa, Umma ta ce lalle a tayar da ta ukun. Tana nan a kunne yanzu haka da nake rubutu, sandan yana ƙiftawa. Ban taɓa komai ba, ba kuma zan taɓa ba.

Uwata, wane suna za a sa?

Ɗan Goggonki